Babi na Huɗu: Inuwa a Bakin Bature

Bahaushe kalma ɗaya gare shi. Wurin da yake fakewa a gindin darbejiya idan rana ta take, inuwa ne. Baƙar surar nan da ke biye da shi a ƙasa idan yana tafe da hantsi, ita ma inuwa ce. Bafaranshe ma haka, *ombre* yake cewa ga duka biyun, Bajamushe ya ce *Schatten*. Ingilishi ne ya raba abin gida biyu, ya sa wa ɗaya *shade*, ya sa wa ɗayar *shadow*. Wanda ya tashi da Hausa a bakinsa kunnensa bai saba da wannan rabo ba, shi ya sa ko a rubutun waɗanda suka yi nisa a boko akan tarar an sa wannan a gurbin waccan.

Bambancin ba shi da wuyar kamawa idan aka ɗauko shi daga abin da muka sani. A littattafan fiƙihu an ce lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage lokacin zawali. Inuwar nan da ake kafa sanda a auna ta da taki, mai kai da gindi, mai tsawo da gajarta, ita ce *shadow*. Sura ce, ana iya zagaye ta da alli, ana iya ƙirga ta: mutum uku, inuwa uku. Amma wadda dattawa ke shimfiɗa tabarma a cikinta bayan an idar da salla, suna jiran rana ta yi sanyi, *shade* ce. Ita ba ruwan kowa da siffarta, sauƙin zafi da sauƙin haske ake nema a wurinta. Itace ɗaya ne ke ba da duka biyun a lokaci guda. Wanda ya hango daga saman soro *shadow* yake gani, wanda ke zaune a gindin kuwa *shade* yake sha. Sannan *shadow* tana iya fitowa daga fitila ko farin wata ko hasken mota, amma da wuya ka ji Bature ya ce ya shiga *shade* in ba rana yake gudu ba.

Asalinsu kuwa kalma ɗaya ce. Tsohon Ingilishi, wanda ake magana da shi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066, harshe ne mai li'irabi irin na Larabci, ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurumiyya ya san yadda raf'i da nasabi da jarri ke juya ƙarshen kalma. To haka *sceadu* take. Idan ita ce mai aikatawa a jimla, *sceadu* za a ce. Idan ta zo bayan harafi irin su "cikin" ko "ƙarƙashin", sai ta koma *sceadwe*. Da li'irabin ya zube daga harshen a ƙarnukan da suka biyo baya, sai siffofin biyu suka ƙi haɗewa, kowacce ta kama gabanta: ta farko ta zama *shade*, ta biyu ta zama *shadow*. Haka ta faru da kalmarsu ta fadamar ciyawa, wadda ta rabu zuwa *mead* da *meadow*, sai dai a can ta farkon ta kusa mutuwa, ta rage a bakin mawaƙa da cikin sunayen wurare irin su Runnymede, inda Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a 1215.

Ko bayan rabuwar an daɗe ana musanya su. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, inda aka ba da labarin Annabi Yunusa ya yi rumfa a gabas da birnin Nineba ya zauna a ƙarƙashinta, *shadow* aka rubuta. Yawancin fassarorin yanzu sun mayar da ita *shade*. Wato ɗalibin da ya rubuta cewa ya huta a *shadow* ɗin bishiya, da a zamanin Shakespeare yake ba wanda zai ja masa jan biro. Amma a yau kuskure ne, kuma mai duba jarrabawa zai rage masa maki.

Akwai ƙanwarsu ta uku da ta fi shafar mu a nan. Masana asalin kalmomi da dama suna ganin *shed*, wato rumfa ko ɗan ɗakin ajiyar kaya, daga *shade* ta ɓalle a lafazin wasu yankunan Ingila. Bature yana bambanta su a baki: *shade* tagwan wasali gare ta, kamar ka ce "sheid", *shed* kuwa wasalinta gajere ne. A Turancin Najeriya sau da yawa sautin ɗaya ne, shi ya sa a allunan kasuwa da takardun haya za ka ga an rubuta *shade* lamba kaza alhali rumfar ɗan kasuwa ake nufi. A kan titi kowa ya gane. A takardar da za ta je gaban lauya ko ta ƙetare teku, *shed* ce rumfa, kuma ya kamata a rubuta ta haka.

Ta fuskar nahawu abu biyu ne ke kayar da mutane. Na farko, *shade* ta fakewa daga rana ba a ƙirga ta, don haka ba a cewa *a shade* ko *shades* idan wurin hutawa ake nufi. Da zarar ka sa mata *a* ko ka yi mata jam'i, ka tsallaka zuwa wata ma'ana daban, kamar yadda za mu gani a gaba. Na biyu shi ne harafin da ke zuwa gabanta. Mu mun saba da "ƙarƙashin inuwa", sai hannu ya tafi kai tsaye zuwa *under*. Ana jin hakan jefi-jefi a wurin Turawa, amma abin da ya zauna a bakin mai harshen shi ne *in the shade*. Ƙarƙashin itace yake zama, cikin inuwarsa.

Wannan furuci na *in the shade* shi ne kuma na masu auna yanayi. Idan aka ce zafi ya kai digiri 42 a Sakkwato, ba a tsakiyar rana aka ajiye ma'aunin ba. A cikin wani farin akwati yake mai tagogi sara-sara da iska ke ratsawa, an ɗaga shi sama da ƙasa kimanin mita ɗaya da rabi. Thomas Stevenson, injiniyan fitilun gaɓar teku ɗan Sikotilan, shi ya tsara akwatin a 1864, kuma har yau da sunansa ake kiran shi.  Saboda haka duk adadin da ka ji a rediyo zafin inuwa ne. Mai turin kura da manomin da ke tsakiyar gona abin da ke dukansu ya wuce haka nesa.

To ga inda maganar ta fi ɗaukar hankalina. Ka saurari yadda Bahaushe ke aron inuwa ya yi magana da ita. Idan mutane biyu sun ɓata, sai a ce ba sa shan inuwa ɗaya, domin zama wuri guda a huta shi ne alamar zumunci. Idan ƙungiyoyi suka haɗe, sun taru a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Mai arzikin da danginsa ba sa morarsa sai bare, an yi masa kirari da inuwar giginya, na nesa ka sha. Idan wahala ta kai maƙura kuwa sai a ce rana zafi, inuwa ƙuna, wato mafaka ta ƙarshe ma ta juya baya. Muna raɗa wa 'ya'yanmu suna Inuwa. Musulmi ya san hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, kuma Alƙur'ani ya siffanta Aljanna da inuwa mai miƙewa. A duk waɗannan, inuwa rahama ce.

Yanzu ka juya ka saurari Bature. Tun ƙarni na 19, idan ya ce mutum *shady* ne, yana nufin ba a yarda da shi ba, akwai lauje cikin naɗi a harkarsa. Ciniki *shady* shi ne wanda ake yi a bayan fage, irin wanda ba ya son idon hukuma. Idan ya ce wani ya sa wani *in the shade*, ba taimakonsa ya yi ba, dusashe masa tauraro ya yi, ya fi shi har an daina ganinsa. Wanda ya tashi cikin *shadow* ɗin yayansa, shi ne wanda sunan yayan ya danne. Har kalmomin da suka aro daga *umbra*, inuwa a Latin, haka suka karkata: *sombre* ta zama baƙin ciki da rashin walwala, *umbrage* kuwa, wadda da can inuwar ganye ce, ta koma jin haushi. Ba na jin wannan dace ne kawai. Landan ba ta samun hasken rana na awa 1,700 a shekara, ƙasashenmu na bakin Sahara kuwa suna samun kusan ninkinsa. Sai ranar 19 ga Yuli 2022 ne aka taɓa auna zafin da ya haura digiri 40 a Birtaniya, lokacin da ma'aunin Coningsby ya nuna 40.3. A Maiduguri wannan ranar Afrilu ce kamar kowacce. Mutumin da ke shafe watanni yana marmarin rana, idan ta fito ya tuɓe riga ya kwanta a ciyawa, ba zai ɗauki abin da ke tare masa ita a matsayin aboki ba. A wurinsa inuwa ita ce ɓangaren lambu mai danshi da sanyi inda fure ba ya yi.

Laima ma shaida ce. Kalmar *umbrella* daga *ombrello* ta Italiya ta fito, ma'anarta 'yar inuwa. Thomas Coryat, wani matafiyi ɗan Ingila, ya ba da labarinta a littafinsa na 1611 a matsayin abin da mahayan Italiya ke riƙewa don tare rana, kamar dai laimar da ake juya wa sarki ranar hawan Salla. Da ta isa Ingila sai aikinta ya koma tare ruwan sama. Jonas Hanway, wanda ya rasu a 1786, shi ake ambata a matsayin namiji na farko da ya jure yawo da ita a titunan Landan ana yi masa dariya. Yau idan Bature ya ce *umbrella*, ruwa ne ke zuwa masa a rai. Ta rana sai da suka ajiye mata wani suna daban, *parasol*.

Mafi duhu cikin ma'anonin *shade* ita ce ta matattu. Girkawa da Rumawan da sun yi imani cewa mamaci yana komawa wata duniya a ƙarƙashin ƙasa, ya zama sura marar tsoka da ƙashi. A *Odyssey* ta Homer, Odysseus ya haɗu da mahaifiyarsa a can, ya kai hannu zai rungume ta har sau uku tana sulluɓe masa. Rumawa *umbra* suke kiran irin wannan fatalwa, masu fassara zuwa Ingilishi kuma suka ce *shade*. Ba a magana da ita a kasuwa, sai a adabi, amma ta bar baya a bakin 'yan jarida. Idan kasuwar hannun jari ta rushe suka rubuta *shades of 1929*, suna nufin abin yana tuna musu da faɗuwar Wall Street ta waccan shekara, kamar fatalwarta ce ta leƙo.

Ma'anar da aka fi amfani da ita a kullum daga hannun masu zane ta fito. Mai zane idan yana son tulu ya fito da tudu a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, sai ya duhunta gefen da haske bai taɓa ba. Wannan duhuntawar ita ce aikatau *to shade*, kuma duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya san ta, tunda da fensirin HB ake cewa ya cike gurbin amsar da ya zaɓa. Daga nan kalmar ta zama sunan matakin duhu ko hasken launi. Masu koyar da zane suna tsaurara ta: launin da aka ƙara wa baƙi shi ne *shade*, wanda aka ƙara wa fari *tint*. Sauran jama'a ba su damu da wannan ba, kowane mataki *shade* ne a wurinsu. Marinin Ƙofar Mata a Kano ya fi kowa sanin abin a aikace, domin kowane tsomi da ya ƙara wa zane a karofi sabon matakin shuɗi ne, tun daga mai haske kamar sararin sama har zuwa wanda ya kusa komawa baƙi. Hausa ba ta ajiye suna guda ga wannan ba, da wata dabara take yi. Idan launin ya cika sai ta sa masa amsa-kama: ja wur, baƙi ƙirin, kore shar, fari fat. Idan ya yi rauni sai ta ninka shi: ja-ja, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Mai fassara da ya riƙe wannan ba zai rasa abin cewa ba.

Tunda tsakanin mataki da mataki tazarar kaɗan ce, sai *a shade* ta koma nufin ɗan kaɗan. Rigar da aka ce *a shade too long* ta ɗan yi tsawo ne kawai. *Shades of meaning* su ne ƙananan bambance-bambancen ma'ana, irin wanda ke tsakanin kunya da kara da kawaici. Mai sharhin ƙwallo a Ingila idan ya ce wata ƙungiya *shaded it*, da ƙyar ta rinjaya. A kantin kayan kwalliya kuwa kalmar ta zama ta launin fata, kuma a nan tana da nauyi. Shekaru da yawa mace mai duhun fata takan zagaye kantunan Turai da Amurka ba ta sami hodar da ta dace da fuskarta ba. Da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da matakai 40 na hodar shafe fuska, abin ya zama labari a duniya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Akwai ma kalmar *shadeism*, fifita mai hasken fata a kan mai duhu a cikin al'umma ɗaya. Ciwon da ta ambata muna da shi a gida, duk mai ganin yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu ya sani.

Sauran yawanci na kayan aiki ne, ba sa buƙatar dogon bayani. *Lampshade* ita ce hular da ake kifa wa fitila don rage kaifin haske. Labulen taga mai naɗewa *shade* ne a Amurka, *blind* a Ingila. *Shades* a bakin matasa baƙin tabarau ne. *Nightshade* kuma sunan dangin tsiro ne da ya haɗa tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa, tare da wasu 'yan uwansu masu dafi.

Da Ingilishi ya bar tsibirinsa ya sauka a ƙasashe masu zafi, sai kalmar ta fara samun albarkar da ta rasa. A Amurka, bakaniken da ba shi da gareji, mai gyaran mota a gindin itace, *shade tree mechanic* ake ce masa, kuma duk wanda ya taɓa kai motarsa gindin mangwaro a garuruwanmu ya san shi. A Amurkar ne kuma aka ƙirƙiro *made in the shade* ga wanda ya samu duniya, hankalinsa kwance. Ostireliya, wadda ke sahun gaba a duniya wajen cutar dajin fata saboda ƙarfin rana a kan farar fata, ta fara gangamin faɗakarwa a 1981 kan sa riga da hula da shafa man kariya, a 2007 aka ƙara da neman inuwa da sa tabarau. A makarantunsu ana kafa rumfuna a filin wasan yara da gangan. Jikokin mutanen da suka ɗauki inuwa wurin danshi da ɓoye-ɓoye, su ne yanzu ke koya wa 'ya'yansu gudu zuwa cikinta.

Ma'ana mafi sabunta, wadda matasanmu ke cin karo da ita kullum a Instagram da TikTok, ita ce *throw shade*. Ta fito ne daga wuraren gasar rawa da kwalliya na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a Harlem ta birnin New York, inda maza masu shigar mata ke fafatawa. Fim ɗin Jennie Livingston na 1990, *Paris Is Burning*, shi ya fito da ita fili. A cikinsa Dorian Corey, ɗaya daga cikin masu fafatawar, ya bambanta zagin gaba da gaba da wannan salo, inda ba ka faɗin aibin mutum, sai dai ka yi maganar da za ta sa shi da kansa ya san da shi kake. Shirin talabijin na RuPaul ya yaɗa ta, ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita a 2017.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa zama a gidan kishiyoyi, ko ya saurari mawaƙin fada yana wasa ubangidansa yana sakin magana ga ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba, ba tare da ya kama suna ba. Muna da habaici, muna da gugar zana, muna da zambo ga wanda ya fi zafi, muna da shaguɓe. Kowanne da matsayinsa, kuma mun fi Ingilishi yawan kayan aiki a wannan fage. Don haka ina roƙon masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridunmu, da malaman da ke koyar da Turanci a aji: idan kuka ci karo da *throw shade*, kada ku ce an jefa wa wani inuwa, domin mai sauraronku zai ɗauka alheri aka yi masa. Ku ce an yi masa habaici.